3.3 Sharhi a Kan Adana Gidan Ruwan Fairmount da Sake Amfani da Shi

Gidan Ruwan Fairmount yana bakin Kogin Schuylkill ne a birnin Filadelfiya ta ƙasar Amurka. An fara gina shi a shekarar 1812, ya kuma soma aiki a 1815 bisa tsarin injiniya Frederick Graff. Da farko da injin tururi ake tura ruwa zuwa matattarar da ke kan tudu, daga can ya gangara cikin gari. Saboda tsadar itacen da injin ke ci, sai aka yi madatsa, aka koma ga manyan ƙafafun katako waɗanda ƙarfin ruwa ke juyawa a 1822. An rufe gidan a 1909 domin dattin masana'antu da na gari ya gurɓata kogin, zazzaɓin taifod kuma ya addabi jama'a.

Abin da wannan sashe zai duba shi ne ko sake amfani da ginin ya kare tarihinsa ko kuwa ya rage shi. Idan aka lura, an bi matakai uku.

Mataki na farko shi ne mayar da shi gidan kallon kifaye daga 1911 zuwa 1962. Babu shakka wannan ya hana a rushe ginin. To amma domin a sami wurin kifayen sai da aka kwashe yawancin injinan, ɗaya kawai na 1851 ya tsira. Ke nan an adana bango da ginshiƙai, an rasa abin da ya sa ake kiransa gidan ruwa. Wannan ya yi kusa da gyaran gangar Auzinawa.

Mataki na biyu shi ne mayar da wani ɓangare wurin ninkaya, wanda ambaliyar 1972 ta lalata. A nan ma ba a yi la'akari da cewa gini ne da aka kafa a bakin kogi da gangan ba, don haka duk abin da aka zuba a ƙasansa yana cikin haɗari.

Mataki na uku ya biyo bayan sanya ginin cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1976. An daɗe ana gyara, har aka buɗe cibiyar ilimantar da jama'a game da ruwa a 2003. Wannan ya fi dacewa, domin sabon aikin ya haɗu da tsohon. Mai ziyara zai ga tsohon injin, ya kuma fahimci yadda gurɓatar kogi ta kashe gidan. Sai dai har a nan ba a rabu da Bukar ba, domin ambaliyar 2021 ta sake cika cibiyar da ruwa da laka.

Bisa ga wannan, za a iya cewa tsayuwar gini kaɗai ba ita ce adanawa ba. Wajibi ne sabon aikin da za a ba shi ya bar injinansa a inda suke, ya kuma iya jure halin kogin da ya haife shi. Sashe na gaba zai duba yadda ake samun kuɗin kula da ginin.