Sarewa a Cikin Akwatin Gilashi

A shekara ta 1932 ayarin Bafaranshe Marcel Griaule, wanda ya taso daga Dakar zuwa Jibuti, ya ratsa arewacin Kamaru, ya yada zango a Garwa, yana tattara kayan mutanen ƙasa. Yau kayan nan suna Faris, a gidan tarihi na Quai Branly da aka buɗe a 2006. Rahoton da aka miƙa wa shugaban Faransa a 2018 ya ƙidaya kayan Kamaru kusan 8,000 a wannan gida kaɗai. Wani bincike na 2023 kuma ya sami fiye da 40,000 a gidajen tarihi na Jamus. A cikinsu akwai kayan kiɗa da na busa.

Bari mu faɗi gaskiya: masu ajiya sun yi ƙoƙari. Sarewar itace ko ta kara ba ta daɗewa a ɗakinmu, gama gara ba ta barin kome. Amma yadda suke nuna ta akwai gyara. Sukan kwantar da sarewa guda a bayan gilashi, su rubuta sunan kabila, da tsawonta, da shekarar da aka samo ta. Shi ke nan.

Duk wanda ya ga rawar Guma ta bikin tagwaye a nan Gidar ya sani busa aikin taro ne. A duwatsun Mandara, wurin mutanen Uldeme, kowace sarewa murya ɗaya ko biyu take bayarwa. Sai wannan ya busa, wancan ya amsa, kafin waƙa ta fito. Kowace iri kuma da lokacinta, bisa ga shuka da girbin dawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda ya nuna sarewa guda, ashe guntun abu ya nuna.

Saboda haka ya kamata su jera su tare yadda ake busa su, su sa muryarsu baƙo ya ji, su rubuta sunan ƙauye da lokacin busa.

Mu ma, 'yan'uwa, da sauran aiki a gabanmu. Ko an komo mana da dukansu gobe, in ba yaron da ya iya busawa, akwati kawai muka sāke musu. Tsofaffin da suka iya suna nan da rai tukuna. Mu aika da 'ya'yanmu su zauna wurinsu.