Ganuwar Birnin Yauri da Ƙofofinta: Wani Nazari Kan Ginin Jama'a

Duk wanda ya duba littattafan da aka rubuta kan gine-ginen Hausawa, kamar na Moughtin (1985) da na Dmochowski (1990), zai ga cewa mafi yawan misalansu daga manyan birane suka fito, musamman Kano da Zariya. Ba laifi ba ne, domin a can ne ake samun Gidan Makama da masallacin da Babban Gwani Mika'ilu ya gina. Sai dai wannan ya sa ɗalibanmu sun saba auna kowane gini da bakan gizo da zanko da zanen bango, har in sun je garin da babu waɗannan sai su ce babu abin nazari. Wannan maƙala za ta dubi irin ginin da ma'aunin nan ya bari a baya, wato ganuwar Birnin Yauri da ƙofofinta.

Birnin Yauri, wanda ake kira Bin Yauri, yana cikin ƙaramar hukumar Ngaski ta Jihar Kebbi, kudu da Yelwa. A yau ƙaramin gari ne, amma shi ne tsohuwar hedikwatar ƙasar Yauri, wadda labarin Bayajida ya sa cikin Banza Bakwai. Wannan laƙabi kansa ya yi wa nazarin yankin illa. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya nuna yadda sarauta irin ta Hausa ta kafu a tsakanin Gungawa da Kambari da Shangawa, da yadda fataken goro masu zuwa Gwanja suke bi ta wannan ƙasa su ƙetare Kwara. Garin da ayari ke sauka a cikinsa tilas ya san mai shiga da mai fita, shi ya sa ganuwa ta zama babban gininsa.

Richard Lander da ƙaninsa John sun zauna a birnin a 1830, suna neman takardun Mungo Park wanda ya mutu a Busa a 1806. Sun ba da labarin ganuwa mai tsayi, ta ƙasa zalla, mai manyan ƙofofi 8, suka kuma ƙiyasta kewayenta mil 20 zuwa 30. Wannan lissafi na ido ne, kuma akwai ƙari a ciki, tun da badalar Kano kanta ba ta kai mil 20 ba. Amma ko an raba shi biyu, abin da ya rage ya isa ya nuna cewa ba gidaje kaɗai aka kewaye ba. Kamar sauran biranen ƙasar Hausa, an haɗa da gonaki da makiyaya, don in an yi wa gari zobe kada yunwa ta ci shi kafin abokan gaba su gaji.

A ganina ƙofa ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Ƙofar birni a ƙasar Hausa zaure ce aka faɗaɗa: bango mai kauri daga ƙasa yana sirancewa zuwa sama, an jera tubali an bi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, an rufe da azara. Azara ba ta ɗaukar nauyin rufi in tazarar ta wuce kamu huɗu ko kusa da haka, saboda haka mashigar takan zama matsattsiya amma mai zurfi. Abin da itacen giginya ya tilasta wa magini shi ne ya dace da buƙatar gari, domin mahayi ɗaya ko jaki ɗaya da kayansa ne zai wuce a lokaci guda, sarkin ƙofa na kallonsa. A nan ake karɓar kuɗin fatake, a nan ake tambayar baƙo inda ya fito, a nan ake rufe gari in rana ta faɗi. Yadda maigida ke tace baƙi a zaurensa, haka birni ke yi a ƙofarsa. Mai neman ado a irin wannan gini ya yi kuskuren tambaya. Kyansa yana ga kauri da inuwa da daidaiton mashiga.

Wata matsalar ita ce ta shekaru. Mukan ce gini kaza na ƙarni kaza ne, kamar yadda ake danganta hasumiyar Gobarau da zamanin Muhammadu Korau, ko farkon badalar Kano da Sarki Gijimasu. Ga ginin dutse maganar tana da ma'ana. Ganuwar Surame da Kanta ya gina a ƙarni na 16 har yau ana ganin duwatsunta, ko da yake an daɗe da barin garin. Ginin ƙasa kuwa dabam yake. Kowace damina takan ci fuskarsa, kowane rani kuma sai an mayar masa da yaɓe, balle a Yauri inda ruwan sama ya fi na Katsina yawa. Ashe ƙasar da 'yan Lander suka gani a saman bangon ba ta magabata ba ce, ta iyaye da kakannin mutanen da suka tarar ce. Abin da ya tsufa shi ne layin ganuwar, da wuraren ƙofofin, da al'adar nan ta raba wa unguwanni da ƙauyuka bango kashi-kashi kowa ya gyara nasa. Don haka tsayin ganuwa a kowace shekara shaida ce ta yawan hannayen da sarki ke iya tarawa a shekarar.

Da wannan ma'auni ne za a fahimci rushewarta. Sarkin Yauri Albishir ɗan Ayi ya yi amana da Gwandu a zamanin jihadi, ƙasar ta tsira da sarautarta. Rigingimun gadon sarauta na tsakiyar ƙarni na 19 su ne suka tarwatsa jama'a, daga bisani Sarki Abdullahi Abarshi ya kafa fada a Yelwa a 1888. Da sarauta ta tashi, babu mai kiran gayya, ruwa ya ƙarasa sauran aikin.

Sai kuma 1968, da aka kammala dam ɗin Kainji, tafki ya shanye gungu da dama, aka tashi dubban mutane zuwa sababbin ƙauyuka na bulo da siminti waɗanda aka zana a ofis. Yaron da ya girma a irin wannan gida bai taɓa ganin an cura tubali ba, bai san makuba ba. Sunayen ƙofofi da na unguwannin da ke da alhakin kowane sashe na bango suna bakin tsofaffi ne, kuma aikin ɗaukar su na ɗaliban harshe ne kafin ya zama na masu haƙar tarihi. Ɗalibin da zai je ya tafi da wanda ke jin Gunganci da Kambarci, domin ba duk sunayen wuraren ne na Hausa ba.