Sunan da Aka Yanke: Waƙar Hausa a Hannun Masu Kwafa

Kwanan baya wata ɗaliba a nan Dutse ta nuna mini waƙar ta'aziyya da ta rubuta wa mahaifiyarta. A Facebook ta fara sanya ta. Bayan 'yan makonni sai ga waƙar ta dawo mata ta wani zauren WhatsApp, baitocin duk suna nan, sunanta ne kaɗai babu. A gurbinsa an rubuta "an kwafo". Wanda ya tura ta ma ya mayar da uwar ta zama uba, don ta dace da rashin da aka yi masa.

Doka dai tana tare da ita. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, tana kare waƙa tun daga ranar da aka rubuta ta, ko an yi mata rajista ko ba a yi ba, har shekara 70 bayan rasuwar mai ita. Ta ba marubuci haƙƙin a ambaci sunansa, ta kuma ba shi damar neman a sauke aikinsa daga shafin da aka sanya shi ba da izininsa ba. Amma ɗalibar da kuɗin data ma ke yi mata wuya, wa za ta kai ƙara a cikin ɗaruruwan masu turawa?

Shi ya sa nake ganin da sauran gyara a wurinmu mu marubuta. Magabatanmu ma sun yi fama da masu kwafa. Da hannu ake juyar waƙoƙinsu na ajami, almajirai da makafi su haddace su yi ta yawo da su gari-gari. Dabararsu ita ce saƙa suna a cikin waƙar kanta. A baitocin ƙarshe mawaƙi zai faɗi sunansa da na garinsu, wani lokaci da adadin baitoci, ya kuma ɓoye shekara cikin ramzi. Sunan na zaune cikin kari da amsa-amo, duk wanda ya cire shi sai kunne ya ji giɓi. Har yau ba a raba Imfiraji da Aliyu Namangi, ba a kuma raba waƙar Giya da Mu'azu Haɗeja.

Ko mai ɗora hannu a waƙar wani yana da ladabinsa. Tabbat Haƙiƙa Shehu Usmanu ne ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi. Hannu uku, kowanne an san rabonsa.

Dubi waƙoƙin da muke sanyawa a waya yanzu. Yawancinsu gajeru ne, babu buɗewa babu rufewa, suna kuma a ƙasa yake, a wajen waƙar, kamar takardar da aka manna wa buhu. Yatsa ɗaya ya isa ya ɓamɓare ta. Ba cewa nake kowa ya koma salon ƙarni na 19 ba. Cewa nake baitin rufewa ba tsohon yayi ba ne, hatimi ne, kuma gwanintar mawaƙi tana bayyana a yadda ya zaunar da sunansa ba tare da ya karya kari ba.

Mai karatu, kai ma da naka. Rubuta "an kwafo" ba ya wanke ka, shaida ce kawai cewa ka san kayan ba naka ba ne. Idan waƙa ta taɓa maka zuciya, nemi mai ita kafin ka tura. Ɗalibar nan ta sake rubuta tata, ta ƙara baiti ɗaya a ƙarshe mai ɗauke da sunanta da na mahaifiyarta.