Kalmomin Ƙi na Ingilishi a Bakin Mai Fassara: Misali Daga Takardun Zaɓe

A wannan maƙala muna so mu duba wasu kalmomi uku na Ingilishi da ke kan takardun sakamakon zaɓe, wato "spoiled" da "rejected" da "cancelled", da yadda ake juya su zuwa Hausa ga mai jefa ƙuri'a a ƙananan hukumomi irin su Boɗinga da Shagari, inda akasarin jama'a ta bakin mai fassara suke jin sakamako.

Ta farko tana nufin takardar da ta ɓaci tun ba a jefa ta akwati ba, aka mayar wa jami'in zaɓe. Ta biyu ƙuri'a ce da ta shiga akwati, amma wajen ƙidaya jami'i ya ƙi ta, alal misali don an dangwala wa jam'iyyu biyu. Ta uku kuwa rumfa ce sukutum aka soke sakamakonta saboda hargitsi ko aringizo.

Mun lura masu fassara kan haɗa dukkansu su kira su "lalatattun ƙuri'u" ko "ƙuri'un da aka soke". A ganinmu wannan sakaci ne. Kalmar "rejected" tana nuna akwai wanda ya duba ya yanke hukunci, ke nan ana iya ƙalubalantarsa. "Lalace" kuwa ba ta da mai aikatawa. Abu kan lalace ne da kansa, kamar tuwon da ya kwana. Da an ce "ƙuri'un da jami'i ya ƙi karɓa", da mai sauraro ya san inda zai kai ƙara. Hausa ba ta rasa kalmomi ba, ga ƙi, ga soke, ga watsi, ga fatali.

Zaɓen gwamnan Jihar Sakkwato na 2019 ya nuna nauyin wannan bambanci. An ce zaɓen bai kammala ba domin ratar ƙuri'a 3,413 ba ta kai yawan masu rajista 75,403 na rumfunan da aka soke ba. Ƙuri'un da aka ƙi wajen ƙidaya ba sa cikin wannan lissafi ko kaɗan, amma wanda ya ji "soke" a wuri biyun yaya zai gane haka? Bayan zagaye na biyu, Aminu Waziri Tambuwal ya yi nasara da ratar ƙuri'a 342 kacal.