Tirelar Jan Jirgin Ruwa: Ba Kowane Jirgi Ke Bukatar Taya Huɗu Ba

Tun da madatsar ruwan Alau ta ɓalle a Satumban 2024, ambaliya ta shafe unguwannin Maiduguri, aka ƙara sanin darajar ƙaramin jirgin ruwa mai inji, wanda za a ɗora a tirela, mota ta ja shi zuwa inda ake neman ɗauki. Sai dai wani yayi ya shigo da ke damuna. Duk wanda ya tashi sayen tirela, ko ya je wajen mai walda a haɗa masa, mai aksul biyu yake nema, wato mai taya huɗu. Wai ta fi ƙarfi, ta fi kwarjini.

Ni dai a wurina nauyi ne alƙali. Aksul ɗaya irin wanda aka fi sa wa ƙananan tireloli a Amurka, inda jan jirgi da mota ya zama ruwan dare, yana ɗaukar kusan kilo 1,600. A haɗa nauyin jirgin da na inji (Yamaha mai ƙarfin doki 40 yakan kai wajen kilo 70), da fetur, da batir, da rigunan ceto, da ita kanta tirelar. In jimillar ba ta kusanci wannan iyaka ba, taya biyu sun wadatar.

A bakin ruwa ake gane bambancin. Yawancin mashigunmu ba su da gangaren siminti, yashi ne da taɓo. Sau da yawa dole a kwance tirelar daga mota a tura ta da hannu. Mai taya biyu, mutum biyu ko uku za su juya ta yadda suke so. Mai taya huɗu kuwa ba ta son kwana. Tayoyin sai su turje, suna gurzar ƙasa suna tono yashi, majiya ƙarfi shida na nishi ba ta gusa ba. Ranar ceton rai, wannan jinkirin ba ƙaramin abu ba ne.

Ga kuma ɗawainiya: taya huɗu, boris na ƙafa huɗu. Boris ɗin da ya yi zafi a hanya, aka tsoma shi cikin ruwan sanyi, yakan zuƙi ruwa, giris ya lalace, tsatsa ta kama. Wanda bai iya kula da biyu ba, yaya zai yi da huɗu?

Ban ce mai taya huɗu ba ta da rana ba. In jirgi ya haura mita 6, ko za a yi doguwar tafiya da shi a hanya mai ramuka, kamar daga Kontagora zuwa Yawuri, ita ce daidai. Ba ta cika rangaji ba, kuma in taya ɗaya ta fashe, ukun za su riƙe har direba ya gangara gefe.

Abin da aka fi mantawa da shi shi ne birki. A Ingila, doka ta wajabta shi ga duk tirelar da ta wuce kilo 750 da kayanta. Mu kuwa sai a ƙara taya a bar birki, alhali jirgin na bankar mota daga baya a kowace gangara.

Don Allah, kafin ka biya mai walda, ka kai jirginka sikeli da injinsa da mansa. In kuɗin ba su isa duka ba, ka sa birki da safaya, ka haƙura da aksul na biyu.