Alkawarin mako biyar: nazari kan ƙasidar shirin gidajen sinimar fasaha a Faransa

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga ɗaya daga cikin ƙananan gidajen sinima na Faransa da ake kira art et essai, wato na fasaha da gwaji, ya tarar da wani ɗan littafi jibge bakin ƙofa, ana ɗauka kyauta. Cikinsa ake samun sunayen finafinai da bayaninsu, da ranaku da sa'o'in nuna su. Cikin wannan maƙala za mu kira shi ƙasidar shiri. Masu nazarin sinima ba su cika kula da ita ba, domin suna ɗaukarta takardar talla kawai. A ganinmu kuwa, alkawari ce da gidan sinima ke ɗauka a rubuce gaban jama'a, kuma yadda aka tsara ta yana cikin abubuwan da ke raya ƙaramin fim ko su kashe shi. Za mu duba asalinta, da yadda ake tsara lokacinta da shafunanta, sa'annan mu faɗi wuraren da muke da ja.

2. Asali

Irin waɗannan gidaje sun fara bayyana a birnin Paris tun zamanin finafinai marasa magana: Vieux-Colombier a 1924, Studio des Ursulines a 1926, sai Studio 28 a 1928. Tun daga farko sun gane cewa fim da ba shi da shahararren ɗan wasa yana bukatar mai yi masa magana. A watan Nuwamba na 1930, da Studio 28 ya fara nuna L'Âge d'or na Luis Buñuel, an buga masa ƙasida ta musamman, ɗauke da zane-zane da wani dogon matani da André Breton da Louis Aragon da Paul Éluard da abokan tafiyarsu suka sa wa hannu. Ranar 3 ga Disamba wasu ƴan ra'ayin riƙau suka afka wa gidan, suka watsa tawada kan allon kallo, suka yayyaga zane-zanen da aka rataye cikin zaure. Bayan ƴan kwanaki hukuma ta hana fim ɗin, kuma bai koma gidajen kallo na Faransa ba sai 1981. Darasin da ke nan shi ne, gidan da ya buga ƙasida ya bayyana matsayinsa, kuma ya ɗauki alhakin abin da ya zaɓa.

A 1955 waɗannan gidaje suka kafa ƙungiyarsu, AFCAE, a 1961 kuma gwamnati ta amince da rukuninsu bisa doka. A yau fiye da gidaje 1,000 ne ke da wannan matsayi, kuma hukumar sinima ta ƙasa, CNC, tana tallafa musu.

3. Tsara lokaci

Makon sinima a Faransa ranar Laraba yake farawa. Al'adar kasuwar ita ce, da safiyar Litinin masu gidajen kallo da kamfanonin rarraba finafinai su duba cinikin ƙarshen mako, su yanke abin da za a riƙe da abin da za a sauke. Fim da bai ja mutane cikin kwana biyar na farko ba, sau da yawa ya tafi ke nan. Mujallun mako irin su L'Officiel des spectacles, da Pariscope wadda ta daina fita a 2016, kan wannan tsari aka gina su.

Ƙasidar shiri ta saɓa wa wannan al'ada. Mu ɗauki gidajen Utopia, waɗanda Anne-Marie Faucon da Michel Malacarnet suka fara a Avignon a 1976, daga baya suka yaɗu zuwa wasu birane kamar Bordeaux. Ƙasidarsu, wadda suke kira Gazette, tana ɗaukar kusan mako biyar a bugu guda. Ma'anarsa, tun kafin a sayar da tikiti ko ɗaya an riga an rubuta cewa fim kaza zai kasance nan ranar kaza, ƙarfe kaza. In makon farko ya yi sanyi, ba damar sauke shi, tun da dubban mutane suna riƙe da takardar a gida. Wannan ɗauri shi ne amfaninta. Ƙaramin fim ba ya da kuɗin talla. Abin da ke kawo masa ƴan kallo shi ne wanda ya gani ya gaya wa wani, magana kuwa tana son lokaci kafin ta zagaya gari.

Alkawarin yana da tsada. Mu ƙaddara gida mai ɗakunan kallo uku, kowane ɗaki da nuni biyar a rana: nuni 15 ke nan a rana, 105 a mako, 525 cikin mako biyar. Duk sai an daidaita su da tsawon kowane fim, an samu yardar mai rarrabawa, an tabbatar da ranar zuwan baƙi, kafin a rufe aiki. Don haka lissafin daga baya ake faro shi: ranar rarraba ƙasida, kafinta kwanakin maɗaba'a, kafinsu sa hannu kan gwajin ƙarshe da ake kira bon à tirer. Bayan wannan sa hannu, duk kuskuren da ya rage na gidan sinima ne.

4. Tsara shafi

Ƙasidar da aka naɗe aka ɗinke da ƙarfe a tsakiya, tilas yawan shafunanta ya rabu da huɗu, domin kowace falle tana ba da shafi huɗu. In kayan da aka tara sun cika shafi 30, sai dai a ƙara su kai 32 ko a rage su koma 28. Kafin a rubuta komi, ana zana dukan shafunan a jere kan takarda ɗaya. Faransawa na kiran wannan zane chemin de fer, don ya yi kama da taragun jirgin ƙasa. A nan ne ake raba daraja: wa zai hau bango, wa zai samu shafi cikakke, wa zai tsaya a rabin shafi ba hoto.

Sau da yawa jadawalin sa'o'i a tsakiya yake zama, kuma akwai dalili. Shafuna biyu na tsakiya su kaɗai ne ke kan falle ɗaya ba yankewa, ƙasidar da kanta nan take buɗewa, kuma mai karatu na iya cire su ya manna a bango. Sai dai jadawalin ma yana da nasa hukunci. Fim da aka ba cikakken shafi na yabo, amma aka aje shi ƙarfe biyu na rana cikin ranakun aiki, an ba shi da hannun dama an karɓe da hagu. Mai nazari ya kamata ya karanta matani da jadawali tare, domin a jadawalin ne ainihin ra'ayin gidan yake.

5. Inda muke da ja

Na farko, maganar matani. Gidan da ke sayar da tikiti ba ya kushe abin da ya zaɓa, saboda haka duk rubutun ƙasida yabo ne. Ba mu ga laifin wannan ba in marubucin ya kalli fim ɗin kuma ya faɗi dalilin zaɓensa, ko da da tsawo, kamar yadda aka san Utopia da yi. Abin da muke ƙi shi ne kwafo taƙaitaccen labarin da mai rarrabawa ya aiko, tare da hotunansa. In gidaje da dama suka buga hoto ɗaya da jimloli iri ɗaya, muryar gidan ta ɓace.

Na biyu, kuma shi ya fi shafarmu, layin bayani da ke ƙarƙashin sunan fim. Al'ada ita ce a jera darakta, ƙasa, shekara, tsawon fim, sai haruffan VO ko VOSTF, wato cikin harshensa na asali da fassarar Faransanci a ƙasan allo. Wane harshe ne, haruffan ba sa faɗi. Ga fim na Japan ko Italiya sunan ƙasar ya isa. Ga ƙasa mai harsuna da yawa bai isa ba. Fim ɗin Zinder na Aïcha Macky, na 2021, a unguwar Kara-Kara ta Damagaram aka ɗauke shi, mutanensa Hausa suke yi, kuma aikin haɗin gwiwa ne na Nijar da Faransa da Jamus. In aka bi waccan al'ada, sunayen ƙasashe uku za su fito, sunan Hausa ba zai fito ba. Haka Le Wazzou polygame na Oumarou Ganda, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a 1972: sunansa na Faransanci ne, maganarsa Zabarmanci. Ƙasar da ake rubutawa tana nuna inda kuɗi suka fito, harshe kuwa shi ke nuna mutanen da ke cikin fim ɗin. Kalma ɗaya ta isa gyara wannan, kuma ba ta ƙara shafi.

6. Kammalawa

Abu biyu muke so ɗalibanmu su riƙe. Masu shirya kallon fim cikin jami'a su sani cewa ko falle ɗaya ce aka naɗe gida biyu, in ta ƙunshi ranakun wata guda, da harshen kowane fim, da dalilin zaɓensa, ta cika sharuɗɗan ƙasidar shiri, muddin aka cika abin da aka buga. Masu binciken tarihi kuma su tara irin waɗannan takardu, domin su ne shaidar abin da aka nuna wa mutane, da wurin, da sa'ar. Amma a yi hattara: ƙasida niyya take rubutawa, kuma kafin aukuwar abu ake buga ta. Ta Studio 28 ba ta ce komi ba game da daren 3 ga Disamba. Dole a gwada ta da jaridu da takardun hukuma kafin a kafa hujja da ita.