Tsohuwar Unguwar Marsai a Idon Marubuta Uku: Wa Ke da Yanayin Wuri?

1. Gabatarwa

Littattafan da ake rubuta wa ƴan yawon buɗe ido a kan birnin Marsai (Marseille) sukan ware wa unguwar Le Panier shafi na musamman, inda ake yabon lungunanta da matakalanta da wankin da ake shanyawa a bakin tagogi. Kalmar da ake yawan maimaitawa ita ce « atmosphère », wadda za mu fassara a nan da yanayin wuri. A cikin wannan ɗan nazari muna so mu gano me ake nufi da yanayin nan, kuma su wa suka samar da shi. Za mu nemi amsa a ƙagaggun labarai uku: Banjo na Claude McKay (1929), da Le Docker noir na Sembène Ousmane (1956), da Total Khéops na Jean-Claude Izzo (1995). Ra'ayinmu shi ne, yanayin da marubutan nan suka kama na talakawa ne masu shiga da fita, kuma duk sa'ad da hukuma ta tashi gyaran unguwa, su ake fara kawarwa.

2. Wurin da tarihinsa

Le Panier na bisa tudu a arewacin tsohuwar tashar jiragen ruwa (Vieux-Port), inda Girkawa suka kafa birnin wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa. Unguwar ta daɗe tana saukar da baƙi: Italiyawa da mutanen Korsika, daga baya kuma na Magrib da na tsibiran Komoro. Abu biyu ya kamata mai karatu ya riƙe. Na farko shi ne ginin Vieille Charité, wanda aka fara a 1671 bisa tsarin Pierre Puget domin a tsare mabarata a ciki. Yau gidan adana kayan tarihi ne, har da sashen fasahar Afirka da aka buɗe a 1992. Na biyu, ranar 24 ga Janairu 1943 sojojin Jamus da ƴan sandan gwamnatin Vichy suka kwashe kimanin mutum dubu 20 daga ɓangaren da ke bakin ruwa. Daga 1 ga Fabrairu aka sa nakiya, aka rushe gidaje wajen 1500 a fili mai faɗin hekta 14, bisa hujjar cewa wurin matattarar ɓata-gari ce. Ke nan abin da baƙo ke kira tsohuwar unguwa a yau ragowa ce.

3. McKay: unguwar da ake ji da kunne

McKay, mutumin Jamaika, ya zauna a Marsai a shekarun 1920, kuma ɓangaren da aka rushe a 1943 shi ne dandalin labarinsa. Ya kira shi da laƙabin da ke nufin rami (la Fosse). Taurarinsa baƙar fata ne da jiragen ruwa suka zubar: na Senegal, da na tsibiran Karibiyan, da na Amurka, har da Taloufa, ɗan Najeriya. Ƙarfin littafin yana ga sauti. Kiɗa, da gardamar mashaya, da harsunan da ke cuɗanya, su ne suka gina unguwar a zuciyar mai karatu fiye da siffanta gine-gine. Saboda haka ba mu yi mamaki ba da fassararsa ta Faransanci (1931) ta yi tasiri a kan Senghor da Césaire. Sai dai muna da ƙorafi biyu. Yunwa da zaman banza sukan fito a wurinsa tamkar wani ƴanci abin sha'awa. Matan unguwar kuwa, in aka ɗebe Latnah, kusan duka ba su da wata fuska sai ta masu zaman kansu. Wannan shi ne hoton da hukuma ta fake da shi bayan shekara 14, ko da yake marubucin bai nufi haka ba.

4. Sembène: unguwar da ake ji a jiki

Sembène ya yi dako a tashar Marsai daga ƙarshen shekarun 1940 zuwa 1960, yana kuma cikin ƙungiyar ƙwadago ta CGT. A lokacinsa ramin McKay ya riga ya zama tarihi, ƴan Afirka kuma sun tattara a wajajen Belsunce, wata unguwa ta tsohon gari can gaba kaɗan da tashar. Tauraronsa, Diaw Falla, ɗan dako ne da ya rubuta littafi, wata marubuciya Bafaranshiya ta buga shi da sunanta, ya kashe ta cikin fushi, aka yanke masa ɗaurin rai da rai. A nan yanayin wuri ya zama jiran aiki da asuba, da ɗakin haya mai sanyi, da kuɗin da ake sa ran aikawa gida. Gaskiya ne salon bai nuna ba tukuna: wasu shafuffuka sun fi kama da jawabin taron ƙungiya, zubin labarin kuma yana tangarɗa. Amma a ganinmu shi ne ya fi sauran biyun hango zuciyar al'amarin, domin jigonsa sata ce: mai gumi daban, mai suna daban. Abin da ya sami littafin Diaw shi ne ya sami unguwar kanta daga bisani.

5. Izzo: unguwar da ake bege

Izzo ɗan baƙi ne haifaffen Marsai, kuma tauraronsa Fabio Montale ɗan sanda ne, ɗan Italiyawa, wanda ya tashi a Le Panier tare da abokansa Ugo da Manu. Labarin ya buɗe da dawowar Ugo titin Pistoles bayan shekara 20, ya iske aikin gyara ya soma sake wa unguwar kama. Izzo gwani ne wajen ƙamshin abinci da hasken teku, kuma bai ɓoye wariyar da ake nuna wa ƴaƴan Larabawa ba, kamar yadda kisan Leila ya nuna. Rauninsa shi ne bege. Talaucin jiya yakan zo masa da zaƙi, shi kuwa zaƙi abin sayarwa ne. A 1995 ɗin da littafin ya fito aka ƙaddamar da babban shirin sabunta gari na Euroméditerranée. Daga 2004 zuwa 2022 tashar France 3 ta nuna wasan Plus belle la vie, wanda aka kwaikwayi Le Panier wajen ƙirƙirar unguwarsa, alhali a ɗakunan ɗaukar hoto na Belle de Mai aka gina ta. A wannan mataki yanayin ya rabu da mutanensa ƙwata-ƙwata.

6. Kammalawa

Littattafan nan uku sun nuna mana matakai uku: an ji unguwar, an sha wahalarta, an yi begenta. Babu ɗaya daga cikinsu da ya jingina yanayin wuri ga duwatsu. Wanda kuwa ya tsaya ga fentin bango, kallon kitse yake wa rogo: ranar 5 ga Nuwamba 2018 tsofaffin gidaje biyu suka rufta a titin Aubagne da ke Noailles, cikin tsohon garin, mutum 8 suka rasu. Shawararmu ga ɗalibai masu nazarin wuri a adabi ita ce, a duk siffantawar da suka karanta su tambayi abu uku: wa ke kallo, wa ake kallo, wa kuma aka fitar kafin a fara kallon. Da wannan ma'auni, muna ganin Le Docker noir, duk da gyambon salonsa, ya cancanci matsayi mafi girma fiye da wanda aka saba ba shi a darussanmu.